Farin Alli a Baƙar Ƙafa

Da sunan Allah nake farawa. Sunana Rabi, ɗinki nake yi a Kore Mairuwa, kuma abin da zan faɗa ya same mu ne damina biyu da suka wuce. Ba don a ce mini "Allah sarki" nake faɗa ba, wallahi na ƙoshi da Allah sarki. Ina faɗa ne saboda ranar da wani mai farar riga zai tambaye ki, "Wurin ya yi ja?" kada ki amsa irin amsar da na bayar.

Maigidana tela ne. Tela Mamman ake ce masa a kasuwa, ni kuwa Baban Zali nake kiransa, da sunan ɗiyarmu. Shi ya koya mini sana'ar bayan aurenmu. Kekensa na ƙafa ne, irin na dā, baƙi mai nauyi, kuma ya ƙi na lantarki fur, wai wutar da za ta zo yau ta gudu gobe ba abokiyar sana'a ba ce. Ƙafarsa ta dama ita ke ci da gidanmu. Da ita yake taka keke tun hantsi har la'asar, da ita ya aurar da 'ya'yanmu biyu. Ni aikina awo da yanka, ni ke riƙe da alli da almakashi. Ranar farko da ya miƙo mini alli ya ce, "Rabi, ki kula. Inda alli ya bi, nan almakashi ke bi." Na ce to, na ɗauka maganar yadi ce kawai.

Abin ya fara ne lokacin maimai, wato noma na biyu. Kamar kowa a nan, da safe gona, da rana shago. Baban Zali yana da faso a diddige tun da na san shi, ba mu taɓa ɗaukarsa ciwo ba. Wata Talata ya dawo daga gona yana rawar sanyi, haƙora na haɗuwa, ya ce in lulluɓe shi da duk zanen da ke ɗakin. Kashegari idon sawunsa na dama ya ɗan tasa.

Na kai shi wani ƙaramin gidan likita, ba zan faɗi sunansa ba. Lokacin masassara ne, layi har bakin hanya, mata zaune da yara a cinya jikinsu sharkaf. Mun isa da safe, ba a kira mu ba sai bayan azahar. Majo, wato babban ma'aikacin wurin, idonsa ya faɗa don gajiya, ko ruwa ban ga ya sha ba. Ya tsaga yatsan Baban Zali ya gwada jini, ya ce masassarar sauro ce, ya duƙa yana rubuta ordinansi, takardar magani. Na ce, "Majo, ga ƙafar ma ta kumbura."

Bai ɗago kai ba ya ce, "Ta yi ja?"

Na sunkuya na ɗaga ƙafar wando na duba. Maigidana baƙi ne ƙirin, uwarsa ma Allah ya jiƙanta "tukunyata" take ce masa. Na duba gaba na duba baya. Na ce, "A'a, ba ta yi ja ba."

Ya ce, "To kumburin aiki ne. In ta yi ja ku dawo."

Wannan maganar muka ƙulle a bakin zane muka taho da ita gida. Kowace safiya sai in fito da shi tsakar gida, in ɗora ƙafar kan turmi inda rana ke bugawa, in yi ta neman ja. Ni da aikina launi ne, na san jan jini, na san jan barkono, na san ruwan goro. Babu ko ɗaya. Sai in ce alhamdu lillahi, ba ta yi ja ba tukuna. Kwana bakwai ina gode wa Allah a kan abin da ke cin mijina.

A mako na biyu yayarsa, Yaya Hajo, ta iso daga Ɗan Kassari a amalanke. Tana ganin ƙafar ta riƙe baki. Ta ce, "Wanga daji ne, Rabi. Daji ba shi son allura. Kika bari anka soka mishi ƙarfe, kin kashe mini ƙane." Wata maƙwabciyarmu kuma ta ce a'a, aljana doguwa ce, ya taka wurinta a gindin gawon da ke gonarsu, a kira masu girkar bori. Nan ne Baban Zali ya ɗago da ƙyar ya ce shi ba a buga masa garaya a gida, ko zai mutu. Amma ya yarda da sassaƙen da Yaya ta kawo. Aka daka, aka kwaɓa, aka shafe ƙafar da shi baƙi ƙirin, baƙi kan baƙi.

Ni ba na iya haɗiye magana, kowa ya san ni. Na ce, "Yaya, mu koma likita." Ta ce, "Mi likitan ya ce miki?" Na ce ya ce in ta yi ja mu dawo. Ta ce, "To ta yi?" Da bakina ta ɗaure ni.

Amma ƙafar tana sauyawa, ina gani. Fatar ta yi sheƙi kamar an shafa mata mai, ta ƙara duhu irin na nunannar ɗinya, in na zuba ruwa ina wanke sassaƙen sai in ga ya bushe nan da nan. Na ga duk wannan, ban san shi ne jan da ake nufi ba. Ranar kasuwa ya matsa sai an zaunar da shi gaban keke, akwai ɗinkin mutane. Ya ɗora ƙafar ya taka sau uku, keken ya tsaya. Ya zauna yana kallon allura.

A mako na uku fatar ta yi bororo, suka fashe, wari ya cika ɗaki. Ya fara hira da mahaifinsa da ya rasu shekara da shekaru. Ranar ban nemi shawarar kowa ba. Na tare motar kasuwa, muka kwantar da shi kan buhunan wake sai Dogon Dutsi. Yaya Hajo ta biyo mu tana kuka tana zagina.

A asibiti aka ba shi gado, aka ɗaura masa ƙarin ruwa da magani a ciki. Aka ce kuma an ga sukari a jininsa, abin da ba mu taɓa sani ba. Wani likita ya ce, "Ina kuka tsaya har ta kai haka?" Na buɗe baki in ce ja muke jira, na ji maganar ta yi mini wauta a baki, na rufe.

Washegari da hantsi wata yarinya ta shigo ɗakin, siririya, da ɗan gicciye a wuya, da farar riga wadda ta yi mata yawa a kafaɗa. Idon tela ne, abin da na fara gani ke nan, na ce a raina wanda ya ɗinka wannan rigar Allah ya isa. Ta durƙusa ta gaishe mu. Ta ce sunanta Lidiya, 'yar nan Dutsi ce, karatun likita take yi a Yamai, shekararta ta ƙarshe. Ta ce binciken da take yi na kammala karatu a kan ciwon fata ne, yadda yake bayyana a jikin baƙar fata, kuma tana roƙon Baba ya yarda ta ɗauki hoton ƙafarsa, ba fuska ba suna.

Na taso mata. Na ce, "Ke yarinya, mu muna fama da rai ke kina neman hoto? Je ki gidan biki."

Ba ta yi fushi ba. Ta mayar da wayarta aljihu ta ce, "Gaskiyarki, Mama. A bar hoton. Amma ki bari in taɓa ƙafar."

Baban Zali ya jawo zane ya rufe, shi ba ya son mace baƙuwa ta taɓa shi. Ya dube ta ya daɗe, sannan ya ce, "Sa'ar Zali ce. Taɓa, ɗiyata."

Abin da ta yi ya ba ni mamaki. Ba ta ma kalli ƙafar ba, ta rufe ido. Ta ɗora bayan hannunta a cinyarsa tana saukowa sannu a hankali, ta wuce gwiwa, sai ta tsaya. Ta kamo hannuna ta juya shi ta ɗora. Ta ce, "Nan mi kika ji?" Na ce jiki. Ta saukar da shi kaɗan. Na fizge hannuna, zafi kamar gefen tukunya. Ta ce, "Nan ne iyakarshi. Nan ciwon ya kai yau."

Sai ta buɗe wayarta ta nuna mini shafin littafin da ake koya musu da shi. Ƙafar wani Nasara ce, fara sol, ciwon ya yi ja zur kamar an zuba manja, makaho ma zai nuna inda ya fara da inda ya ƙare. Ta ce sunansa erizipel, ta faso yake shiga, kuma in an kama shi a kwanakin farko, ƙwayoyi da allura sun ishe shi. Wannan sunan har in mutu ba zan manta da shi ba.

Na ce, "Wannan ne jan da anka ce in jira?"

Ta ce, "Shi ne."

Na ce, "Ai ko shekara goma muka yi, ƙafar Baban Zali ba za ta yi haka ba."

Ta ce, "Ba za ta yi ba, Mama. Duk littattafanmu fatar Nasara ce a ciki. Shi ma majon haka anka koya mishi. Ni ma haka anka koya mini. Shi ya sa nake yawo da waya ina roƙon mutane."

Na zauna a ƙasa kan siminti. Na so in sami wanda zan shaƙe, na rasa. Majo? Mutumin da ko ruwa bai sha ba? Wanda ya rubuta littafin? Yana can wata ƙasa bai san da Kore Mairuwa ba. Sai ni kaɗai na rage, ni da na ce "a'a".

Lidiya ta ce dole a yi wa iyakar alama don a gane ko magani na ci. Ta ciro bik shuɗi ta zana, ba a ganin komai. Ta gwada ja, haka. Ta tsaya tana cizon leɓe. Ni kuwa duk inda za ni akwai guntun alli ƙulle a bakin mayafina, sabo ne. Na kwance na miƙa mata. Ta ce, "Kai, Mama! Lakire!" Wato alli da Faransanci. Ta ja layi, ya fito fari tas a kan baƙar fata. Ta mayar mini da allin ta ce hannuna ya fi nata saba layi. Kowace safiya in shafa da bayan hannu, in zana inda zafi ya tsaya. In ya tsaya a layin jiya, magani na aiki. In ya haura, in neme ta.

Layin farko yatsa huɗu ne ƙasa da gwiwa. Kashegari zafi ya haura da yatsa ɗaya. Rana ta uku da yatsa biyu. Ni mai awo ce, ba sai an gaya mini ba.

Ga abin da ban taɓa gaya wa Yaya Hajo ba, yau zan faɗa. A rana ta huɗu na shafa, na ji ya sake haurawa. Hannuna ya ƙi. Sai na ɗora allin a kan layin jiya na maimaita shi, na ce da ƙarfi, "Alhamdu lillahi, yau ya tsaya." Ban san wa nake yaudara ba. Baban Zali idonsa a rufe yake, na ɗauka barci yake yi. Ya ce a hankali, "Rabi, ba a yi wa alli ƙarya. Ni ke cikin ƙafar." Lidiya ta shigo ta shafa, ta dube ni. Ta kama hannuna da allin a ciki ta matsar da shi sama. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Daga nan ta shiga zarya. Ita ɗaliba ce, ba ta da ikon rubuta magani ko sauya shi. Na gan ta da idona tsaye a ƙofar babban likita tun safe tana jira ya gama da mutane, wayarta a hannu. Shi kuwa likitan shi kaɗai ne a kan ɗakuna da yawa, in ya tsaya kanmu minti biyu mun gode. Aka sauya magani zuwa mai ƙarfi. Babu shi a farmasin Dutsi, sai da aka aiko da shi daga Yamai hannun direban mota, kwana biyu muna jira, ragon da muke kiwo ya tafi a kansa. Kwana biyun nan layi biyu ne.

Ba zan ci amanar alheri ba. Yaya Hajo da ta hana allura, ita ce ke wanke masa zannuwan da ba kowa ke iya matsowa kusa da su ba, ba ta taɓa yamutsa fuska ba. Uwar Lidiya, da ba ta san mu ba ba mu san ta ba, kullum sai ta aiko da tuwo daga unguwarsu ta wajen coci. Allah ya saka musu. Amma tuwo ba ya tsayar da layi.

Baban Zali ne da kansa ya kira Lidiya wata rana da ya ɗan dawo hayyacinsa. Ya ce, "Ɗiyata, ina wayar taki? Ɗauki hoton." Na ce Baban Zali! Ya ce, "Bar ta. Ni ƙafar ta gama yi mini aiki. Ko ta yi wa wani." Ta ɗauka, da layukan allina a jere kamar tsani.

Da layi na bakwai ya kai gwiwa, aka ce nan ba za su iya ba, aka rubuta mana takarda zuwa babban asibiti a Doso. Likitan fiɗa na can dattijo ne mai furfura. Ya yaye zanen ya tsaya yana kallon layukan. Ya ce wa ya yi wannan? Na ce ni ce. Ya ce, "Madam, kin taimake ni." Ya shafa da bayan hannunsa shi ma, ya ɗora yatsunsa huɗu sama da layina na ƙarshe, wanda na ja da safiyar ranar. Ya ce, "Nan. In ba haka ba gobe ba ƙafa za mu yi magana a kanta ba."

Baban Zali ya juyo ya dube ni, na dube shi. Mu biyu mun san maganar da ke tsakaninmu, ta alli da almakashi. Ya dangwala yatsa a takarda. Bayan azahar suka shiga da shi, kafin la'asar aka fito da shi, zanen ya kwanta shafal a gefen dama.

Mun yi wata ɗaya da kwanaki kafin mu dawo gida. Geronmu maƙwabta suka yanke mana. Bayan watanni Lidiya ta zo har Kore Mairuwa, ta gama karatu. Ta kawo littafin bincikenta mai kauri, ta buɗe mana shafin. Ga ƙafar nan, ga allina. Ta ce malamanta sun yaba, har wani ya ce farin alli dabara ce. Na ce, "To yanzu za a kai wa majo ya gani?" Ta sunkuyar da kai. Ta ce littafin yana ɗakin karatu a Yamai, kwafi kaɗan ne, ita ba ta da ikon aika shi ko'ina, amma duk inda aka tura ta aiki za ta koya wa na kusa da ita. Na ce Allah ya ba ki iko. Me zan ce? Yarinya ɗaya ce da waya ɗaya, ƙananan gidajen likita kuwa daga Tibiri zuwa Dumega zuwa ƙauyukan da mota ba ta shiga, Allah kaɗai ya san yawansu.

Na taɓa haɗuwa da majon a kasuwa yana sayen albasa. Ya gaishe ni da fara'a, bai gane ni ba. Na tanadi maganganu masu zafi tun a Doso, na tsaya ina kallonsa, ko ɗaya ba ta fito ba. Na amsa gaisuwarsa na wuce.

Saboda haka ke mai karatu, ko kai, abin da nake da shi ke nan. In ƙafa ko hannu ya kumbura da masassara, kada ki nemi ja, mu fatarmu ba ta yinsa. Ki shafa da bayan hannu, ki gwada da ɗayar ƙafar. In kin ji zafi, in kin ga sheƙi, in wurin ya fi sauran jiki duhu, ki tashi ranar. In aka tambaye ki ko ya yi ja, ki ce, "Likita, taso ka taɓa." Ko zai ji haushi ya ji. Allah ya tsare ku da abin da muka gani, ya ba marasa lafiya lafiya, na gida da na asibiti.

Yanzu ni ke taka keken. Ƙafata ba ta kai tasa ba, ɗinkina na karkacewa, yana zaune gefe yana yi mini tsiya wai keken ma ya san baƙuwar ƙafa. Shi ya karɓi yanka. Alli kuwa na daina taɓa shi tun Doso, shi ke zanawa, bai taɓa tambayata dalili ba.

Sai wata Juma'a da safe, ran da ya ce zai fara komawa masallaci da sandunansa. Duk watannin nan naɗe ƙafar wandon muke yi mu soke da fil, ni na ƙi a taɓa ta. Ya ɗauko farin wandonsa na Juma'a ya shimfiɗa kan tebur, ya gyara ƙafar dama ta miƙe. Ya ce tana jan ƙasa, tana harɗe masa sanda, ranar nan saura kaɗan ya faɗi. Ya miƙo mini alli.

Na ce, "Kai ka zana mana."

Ya ce, "Ke nake so."

Na karɓa, na shiga lalube-lalube kan tebur ina neman abin awo, ina ɗaga yadi ina ajiyewa, alhali yana rataye a wuyana. Ya bar ni na gama borin kunyata. Sannan ya ce, "Rabi, ba sai kin auna ba. Kin san wurin."

Na san shi kuwa. Na ja layin, yatsa huɗu sama da gwiwa da ɗan abin kalmasa. Ya ɗauki almakashi ya bi.